Ingila, Ostareliya ko Afirka ta Kudu: Ina Faramedik Zai Je Neman Digirin Bincike?

Wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida bayan La'asar, riƙe da takardu uku da ya bugo daga intanet, kowacce da tambarin jami'a a samanta. Shekara shida ya yi yana aiki a motar asibiti, yanzu kuma an ɗauke shi koyarwa a makarantar da ke horar da masu agajin gaggawa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ina so in ƙaro karatu, amma ba digirin ratayewa a bango ba. Ingila zan nufa, ko Ostareliya, ko Afirka ta Kudu?"

Na ce masa, "Me kake son bincikawa?"

Ya yi shiru. Can sai ya ce shi dai abin da ke hana shi barci yaran da yake koyarwa ne. A aji sun iya komai. Idan aka shimfiɗa musu mutum-mutumin roba suna danna ƙirji daidai, suna ƙirga adadi ba kuskure. Amma ranar da aka kai su bakin titi inda mota ta kife, jama'a sun yi cincirindo, wannan na ihu wancan na jan ƙafar wanda ya ji rauni, sai hannunsu ya mutu. Yana so ya san me ya sa, kuma wace irin koyarwa za ta gyara abin.

Na ce ya ajiye takardun tukuna, don wannan tambayar ita ce za ta zaɓa masa ƙasa. Abin da muka tattauna ranar shi nake so in shimfiɗa a nan, saboda na san ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin NEMSAS na motocin agajin gaggawa a Abuja a 2022, aka kuma fara faɗaɗa shi zuwa jihohi, buƙatar malaman da za su horar da faramedik, wato ma'aikatan jinyar gaggawa na motar asibiti, ta ƙaru, kuma malamin da bai san bincike ba abin da aka koya masa kawai zai yi ta maimaitawa.

Mu fara da Ingila, don ita ce ke fara faɗo wa kowa a rai. A can faramedik sana'a ce mai rajista a ƙarƙashin HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista, ba wanda zai kira kansa da sunan sai wanda ke cikin rajistar. A 2013 aka fitar da wani rahoto da ake kira PEEP, wanda ya binciki yadda ake horar da su ya ba da shawarar a mayar da abin matakin digiri, kuma daga Satumban 2021 digiri ya zama mafi ƙarancin abin da sabon shiga zai riƙe. Tun 2018 ma an yarda ƙwararrun cikinsu su rubuta magani da kansu. Ka ga ke nan binciken da aka yi kan koyarwa shi ya canja dokar sana'ar.

Amma inda Ingila ta yi zarra da gaske shi ne manyan gwaje-gwajen da ake yi a cikin motar asibiti kanta. Akwai wanda Jami'ar Warwick ta jagoranta mai suna PARAMEDIC2, da aka wallafa a 2018. Mutum 8,014 waɗanda zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti aka sa a ciki, wasu aka yi musu allurar adirenalin, wasu ruwan gishiri, kuma shi kansa faramedik ɗin bai san wanne ke cikin sirinjin ba. Bayan kwana 30, kashi 3.2 cikin ɗari na waɗanda suka samu adirenalin suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 2.4. Sai dai cikin waɗanda suka rayu da allurar, masu mummunar lalacewar ƙwaƙwalwa sun fi na ɗaya ɓangaren yawa. A shekarar dai aka fitar da AIRWAYS-2, mai majinyata 9,296, wanda ya gwada zura bututu cikin maƙogwaro da wata na'ura mai sauƙin sakawa, ba a kuma ga wani bambancin a zo a gani a sakamakon ba. Abin da ya burge ni a wannan na biyun, ma'aikatan ne aka raba ta hanyar ƙuri'a, su sama da 1,500, kowa aka ce ga hanyar da zai riƙa bi. Wanda ya zauna kusa da mutanen da suka tsara irin wannan aiki zai koyi abin da littafi ba zai ba shi ba: yadda ake neman izini idan majinyaci ba ya cikin hayyacinsa, yadda ake bin diddigin dubban takardu, yadda ake jure sukar jama'a.

To amma ka tambayi kanka, idan ka dawo Kano ko Gombe, da me za ka yi irin wannan? Waɗannan gwaje-gwajen sun tsaya ne a kan tsarin da mutum zai buga lamba ɗaya, mota ta iso cikin mintuna, kowane majinyaci kuma yana da lambar da za a bi shi da ita har wata guda. A wuraren da na yi aiki, littafin motar ma wata rana babu lokacin fita a ciki, balle na isowa.

Akwai kuma tarkon da na ga mutane sun faɗa. Yawancin kwasa-kwasan digiri na biyu masu sunan faramedik a Ingila an tsara su ne don waɗanda suka riga suka yi rajista da HCPC kuma suke aiki a can. Digirin kansa ba lasisin taɓa majinyaci ba ne. Don haka ɗan Najeriya ya fi dacewa ya duba digirin koyon bincike zalla, ko na koyar da ma'aikatan lafiya. Mai iyali kuma ya sani cewa tun Janairun 2024, wanda ya je digiri na biyu na zaman aji ba a ba shi damar tafiya da mata da 'ya'ya, sai mai digirin bincike. Kuɗin makaranta da na haya kuwa, da darajar naira a yau, in ba ka samu tallafin Commonwealth ko Chevening ba, magana ce mai nauyi ƙwarai. Chevening na shekara ɗaya ne, yana neman ka yi aƙalla shekara biyu kana aiki, kuma da sharaɗin ka koma gida bayan ka gama.

Ostareliya ita ce ɗalibin nawa bai ba wa muhimmanci ba, alhali tambayarsa ta fi kama da abin da suke yi. Su ne suka riga kusan kowa kai horar da faramedik jami'a. Jami'ar Charles Sturt ta fara ba da digiri a fannin tun 1994, duk da cewa rajistar ƙasa baki ɗaya ba ta zo ba sai Disamban 2018. Shekarun nan da suka yi suna koyarwa a jami'a sun sa sun tara bincike mai yawa a kan koyarwar kanta. A Jami'ar Monash da ke Melbourne akwai sashe guda na wannan fanni, kuma Farfesa Brett Williams ya daɗe yana rubutu kan yadda ɗalibai ke koyo, da yadda ake auna tausayinsu ga majinyaci, da yadda ake ƙirƙirar ma'aunin da za a amince da shi. Farfesa Peter O'Meara kuma ya yi suna a kan faramedik na karkara da na cikin al'umma, wato wanda ba jiran kiran gaggawa kawai yake yi ba, har gida yake bin tsofaffi da masu ciwon da ba ya warkewa. Wannan ɓangaren yana da amfani a gare mu, don ƙauyukansu ma nesa suke da asibiti, ko da yake su jirgin sama suke aikawa.

Ba a bar su a baya ba wajen binciken jinya. Jihar Victoria tana da rajistar masu tsayawar zuciya tun 1999, kuma daga Melbourne aka yi gwajin AVOID da aka wallafa a 2015, wanda ya nuna cewa sa wa mai bugun zuciya iskar oksijin alhali jininsa bai rasa ta ba, ba ya ƙara masa komai, har ma an ga alamar ƙarin lahani ga zuciyar. Abu ne da aka yi shekaru ana yi ba tambaya.

Tsarin digiri na uku a can yana da abin da nake so. Ana tsayar da ɗalibi a matakai, tun wajen shekarar farko sai ya gabatar da shirinsa gaban kwamiti kafin a tabbatar da shi, kuma an saba a haɗa kundi daga maƙalolin da ɗalibi ya riga ya wallafa. Kafin ka gama, sunanka ya riga ya shiga mujallu. A al'adarsu kuma kundin ake aika wa masu jarrabawa na waje su karanta su rubuto, ba kamar Ingila ba inda dole ka zauna gaban mutum biyu ka kare aikinka da baki, ko da yake wasu jami'o'insu sun fara shigo da wannan. Akwai tallafin gwamnati na masu bincike da ake kira RTP, baƙi ma suna iya nema, amma gasar tana da zafi, kuma wanda ya taɓa wallafa ko da maƙala ɗaya ya fi samun shiga.

Matsalar Ostareliya nisa ce, kuma ba nisan jirgi kaɗai ba. Melbourne tana gaban Najeriya da awa 9 ko 10, gwargwadon lokacin shekara. Idan ka dawo gida tattara bayanai, ƙarfe huɗun yammarsu ita ce shida ko bakwai na safiyarka. Wata shida kana haka da intanet mai yankewa, za ka ga ganawa da malami ta koma sau ɗaya a wata, daga nan ta koma saƙon imel. Afirka ta Kudu awa ɗaya ce tsakaninmu, Ingila kuma ko dai daidai muke ko awa ɗaya. Mutane suna raina wannan lissafin sai sun shiga ciki.

Yanzu Afirka ta Kudu, kuma a nan zan daɗe, don ba zan ɓoye ba ita na fi karkata gare ta ga wanda ya yi niyyar dawowa. Suna da digiri na shekara huɗu a aikin jinyar gaggawa a Jami'ar Johannesburg, da jami'o'in fasaha na Durban da Cape Peninsula, da Jami'ar Nelson Mandela, ƙarƙashin kulawar HPCSA, hukumarsu ta rajistar ma'aikatan lafiya. Abin da ya sa labarinsu ya shafe mu shi ne, sun yi shekaru suna horar da ma'aikata da gajerun kwasa-kwasai na makonni ko watanni, sannan suka yanke shawarar rufe su a koma manyan makarantu. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, don wasu na ganin za a rasa ma'aikata a karkara. Wannan muhawarar ita ce ke gabanmu a Najeriya yau: shin a yi ta yaye masu gajeren horo da yawa, ko a jira 'yan kaɗan masu difloma da digiri? Su sun riga sun sha ruwan, sun kuma rubuta abin da suka gani.

A Jami'ar Cape Town akwai sashen likitancin gaggawa da ke ba da digiri na biyu da na uku, kuma ba likitoci kaɗai yake karɓa ba, har da nas da faramedik. Farfesa Lee Wallis ya jagoranci sashen shekaru kafin ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma cikin malamansa akwai irin su Willem Stassen, wanda shi kansa faramedik ne ya zama malamin bincike. A garin aka kafa ƙungiyar likitancin gaggawa ta Afirka, AFEM, a 2009, kuma mujallarta kyauta ake karanta ta a intanet. Daga yankin ne aka fito da ma'aunin tantance majinyata na Afirka ta Kudu, mai raba su ja, ruwan lemo, rawaya da kore, wanda aka tsara shi yadda nas a ƙaramin asibiti zai iya amfani da shi ba sai likita na kusa ba. A unguwannin talakawan birnin kuma aka gwada horar da mazauna unguwa su zama masu kai agajin farko kafin mota ta iso.

Duk wanda ya san Arewa zai ga alaƙar nan take. Mu ma wanda ke fara isa wurin haɗari ba faramedik ba ne. Ɗan acaɓa ne, ko direban tasha, ko jami'in kiyaye haɗurra. Shirin da aka yi da direbobin ƙungiyar NURTW na kai mata masu naƙuda asibiti, da Haihuwa Lafiya a Jigawa, duk irin wannan tunani ne. Wanda maciji ya sara a gona ana neman kai shi asibitin masu saran maciji na Kaltungo, wa ya ɗauke shi, a kan me, me aka ɗaura masa a hanya? Idan ka kai irin waɗannan tambayoyi Cape Town ba sai ka ɓata wata uku kana bayanin me ya sa babu motar asibiti ba. Sun san raunin harbi da sara, sun san unguwar da mota ba ta shiga sai da rakiyar 'yan sanda.

Tana da nata aibin. Kuɗinta ya fi na sauran biyun sauƙi, amma Najeriya ba ta cikin SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, don haka mai yiwuwa kuɗin baƙo ɗan Najeriya zai biya, tallafi kuma bai kai yawan na Ostareliya ba. Sai hukumar SAQA ta tantance takardunka kafin a ɗauke ka, mai HND kuma ya bincika da wuri ko za a nemi ya yi difloma ta gaba da digiri tukuna, don jami'o'i da yawa a ƙasashen uku digiri suke nema. Sannan ba za a manta da hare-haren ƙin jinin baƙi na 2008 da 2015 da 2019 ba. A na ƙarshen har jirgi aka aika ya kwaso 'yan Najeriya. Mutum ya yi shawara da iyalinsa a kan wannan da gaske. A ɗaya gefen, Musulmi ba zai yi kewar masallaci ko abincin halal a Cape Town ba, garin da masallacinsa na farko ya tsaya tun 1794.

Duk wannan bayani na ƙasashe rabin magana ne. Ragowar rabin, wanda ya fi nauyi, shi ne malamin da zai duba maka aiki, wanda ɗalibai ke kira sufabaiza. Digiri na uku shekara uku ne zuwa huɗu kana hannun mutum ɗaya ko biyu, kuma sunan jami'a ba zai karanta maka babi ba.

Galibi zaɓi biyu ne ke gaban ɗalibi a wannan fanni, saboda fannin sabo ne kuma faramedik masu digiri na uku ba su da yawa ko a can. Na farko babban farfesa, yawanci likita ko masanin ƙididdiga, mai maƙaloli ɗaruruwa da kuɗin bincike. Sunansa yana buɗe ƙofa, ya san yadda ake tsara aiki ya tsallake masu jarrabawa, ya san editoci. Amma ɗalibansa sun yi yawa, tafiye-tafiyensa sun yi yawa, kuma mai yiwuwa bai taɓa durƙusawa a kan kwalta da daddare yana neman jijiya da fitilar waya ba. Irin wannan yakan ja tambayarka zuwa inda bayanansa suke. Ka je da tambayar yaranka da hannunsu ke mutuwa a bakin titi, ka wayi gari kana lissafin wata rajistar da ba ta shafi garinku ba. Na biyu matashin malami, faramedik da bai daɗe da gama nasa digirin ba. Yana gane tambayarka kafin ka rufe baki, yana da lokacinka, yana mayar da babi cikin mako biyu. Rauninsa shi ne bai taɓa kai ɗalibi ƙarshe ba, bai san girman aikin da ya isa digiri ba, zai iya barinka ka ɗauko kayan da ya fi ƙarfinka, kuma idan rigima ta tashi a sashe ba shi da nauyin da zai tsaya maka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Ostareliya ƙa'ida ce a ba ɗalibi aƙalla malamai biyu, a Ingila ma haka aka saba, don haka ka nemi a haɗa maka su biyun: matashin ya zama na yau da kullum, babban ya zama mai duba tsari. Idan kuma a gida za ka tattara bayanai, ka roƙi a ƙara na uku daga wata jami'a ko asibitin koyarwa na Najeriya. Shi ne zai san ƙofar da ake bi a samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jiha, don izinin jami'arka ta waje ba ya wadatarwa, sai an samu na gida ma. Shi ne kuma zai gaya wa sauran cewa takardar tambayoyin da aka fassara zuwa Hausa a ofis ba lalle direban tasha ya gane ta ba.

Ina faɗin wannan ne da nauyin zuciya, don ni ma na taɓa riƙe babin wata ɗaliba wata uku a kan teburina. Aiki ya yi min yawa, kullum ina cewa gobe. Ita kuma kunya da girmamawa suka hana ta tuna min, sai ranar da ta zo ta ce, "Malam, ko akwai abin da na yi ba daidai ba ne?" Ta yi zaton shirun nawa hukunci ne. Wata ukun nan ya ja mata biyan kuɗin wani zango. Tun daga ranar nake sa kowane ɗalibi mu rubuta yarjejeniya a zaman farko: sau nawa za mu haɗu, kwana nawa babi zai yi a hannuna, sunan wa zai fara a maƙala. Ɗalibanmu sun tashi da tarbiyyar rashin ja da malami, kuma abu ne mai kyau, amma a can waje idan ka yi shiru ɗauka ake yi komai lafiya. Malamin can yana jiran ka ce masa ba ka yarda ba, ka kawo hujja.

Kafin ka amince da kowa, ka karanta maƙalolinsa uku na baya-bayan nan ka ga ko hanyar bincikensa ta dace da tambayarka. Tambayar ɗalibina ta hira da lura ce, ta zama da ɗalibai a ji abin da ke faruwa a ransu. Malamin da bai san komai ba sai alƙaluma zai wahalar da shi. Ka duba ɗalibai nawa ya yaye, ka nemi ɗaya ko biyu daga cikinsu ka tambaye su a keɓe, musamman baƙi irinka. Sannan ka lura da amsar saƙonka na farko. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: wanda ya amsa da tambayoyi a kan shawararka ya karanta ta, wanda ya turo maka adireshin ofishin ɗaukar ɗalibai kawai bai karanta ba.

Ga abin da na ce wa ɗalibin nawa a ƙarshe. Idan burinsa ya zama mai tsara manyan gwaje-gwajen jinya, kuma ya samu cikakken tallafi, ya tafi Ingila. Idan so yake ya ƙware a kan auna koyarwa da gina manhaja, kuma zai iya zama can shekarun duka, Ostareliya ta fi. Amma tunda bai taɓa wallafa komai ba, yana da mata da yara uku, kuma yaran da yake son bincikawa suna nan gida, na ba shi shawarar ya fara da digiri na biyu na bincike a Afirka ta Kudu, ya yi aikin a kan ɗalibansa, ya fitar da maƙala ɗaya ko biyu. Da su a hannu, ƙofar digiri na uku a Monash ko Ingila za ta fi sauƙin buɗuwa in har yana so a lokacin.

Ya rubuta wa malamai huɗu a wannan makon, shafi ɗaya kowanne, da tambayarsa a layin farko. Biyu ba su amsa ba. Ɗaya ya ce ba shi da gurbi sai baɗi. Ta huɗun ta dawo masa da tambayoyi biyar, ta farkonsu ita ce: ɗaliban nasa, kafin ranar da aka kai su bakin titi, sau nawa suka taɓa yin atisaye a waje cikin rana da hayaniya, ba a cikin aji ba? Ya kira ni da daddare ya ce, "Malam, ko sau ɗaya." Washegari ya fitar da mutum-mutumin roba filin ƙwallon makarantar, ya tara ɗaliban wani ajin ya ce su kewaye su yi ta ihu, shi kuma ya koma gefe da littafi yana rubuta abin da ya gani.